Inda Hoton Hajo Ya Yanke

Duk abin da mutane suka faɗa game da hotunan nan ba haka ba ne, kuma na gaji da gyara zance baki-baki, shi ya sa na zauna na rubuta. Wasu sun ce kwamfutar ce ta ƙi hoton mata, wai tun da aka ƙaddamar da Shari'a ita ma ta tuba. Wasu sun ce ai dama baƙin hijabi ba ya ɗaukuwa. Direbanmu ya ce bairos ne, cutar kwamfuta, shi da ko kunna kwamfuta bai iya ba. Shugabarmu, Hajiya Asabe, ta ce ni ce na danna wani abu. Ita ta fi kusa da gaskiya, amma ba ta inda take zato ba.

Ku da kuke zuwa koyon aiki yanzu, kun ɗauka wata uku ya isa: a iya bugu da yatsa goma, a iya fitar da takarda daga firinta, shi ke nan an zama gwani. Bugu ba shi ne aikin ba. Aikin yana farawa ne ranar da kwamfuta ta ce maka komai lafiya, alhali ta cinye rabin abin da ka ba ta.

Ni ma da bugu na fara. Na gama sakandare, sakamakon bai kai ni ko'ina ba, sai yayata ta kai ni wani shagon buga takardu kusa da tashar jirgi a nan Ƙaura. Ina can wata ƙungiya mai koya wa matan aure karatu da rubutu ta zo neman mace da ta san kwamfuta. Suna da azuzuwa a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, suna son yi wa kowace ɗaliba kati mai hoto. Lokacin jiharmu sabuwa ce, Shari'a ma sabuwa, kowa yana taka-tsantsan. Mazan ɗaliban suka kafa sharaɗi: mace za ta ɗauki hoton, a ɗakin da babu namiji, kuma kada wani namiji ya gani, daga ɗauka har zuwa kati. Ba a kai fim wurin mai wanki, ba a ajiye kwafi a takarda. Wannan sharaɗin ne ya ba ni aiki. Ba don na fi kowa iyawa ba, don ni kaɗai ce macen da aka samu.

Wanda ya koya mini shi ne Injiniya Garba, mutumin da ya rubuta mana shirin kwamfutar da muke aiki da shi. Sati shida ya yi da mu kafin ya koma Kaduna. Mutum ne mai sanyin magana, ni kuma ba ni da haƙuri, to kun ji yadda zaman ya kasance. Ya buga shirin nasa a takarda, shafi goma sha wani abu, ya ba ni biro ya ce in karanta layi-layi in faɗa masa abin da kowane layi yake yi.

Na ce, "Injiniya, ni hoto anka ce in ɗauka, ba karatun allo ba."

Ya ce, "Rabi, ranar da abu ya lalace ba ni nan. Karanta."

A wurinsa na san cewa hoto ba hoto ba ne a wajen kwamfuta. Ɗigo-ɗigo ne a jere, kamar kunyoyi a gona. Namu baƙi da fari ne, kowane layi ɗigo ɗari da ashirin, layi ɗari da sittin, jimla dubu goma sha tara da ɗari biyu. Kowane ɗigo lamba ce. Fari fat shi ne ɗari biyu da hamsin da biyar, baƙi ƙirin shi ne sifiri, sauran suna tsakani. Wurin da ake tara sunaye da hotunan kuwa shi muke kira rumbun bayanai, kuma sunan ya dace, don yadda ka zuba haka za ka ɗiba.

Ya kuma koya mini wani abu da na ɗauka ɓata lokaci ne. Shirinmu yana miƙa wa rumbu hoto ne a matsayin rubutu, kamar wasiƙa. To a cikin rubutu akwai lambobin da ba a ɗaukarsu baƙi, umarni ake ɗaukarsu. Idan ɗaya daga cikinsu ta faɗo a tsakiyar hoto, rumbu sai ya bi umarnin, ya manta hoto ake ba shi. Maganin shi ne a sa wata karkatacciyar sanda, wannan \ ɗin, a gabanta. Injiniya yana kiranta ɗan rakiya: shi ke shiga gaba ya ce wa mai ƙofa, wannan da ke bayana baƙo ne, a bar shi ya wuce. Na ce na ji. Ban ji ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Kwamfuta babba a ofis, inda rumbu yake. Wata tsohuwa da muke sawa a bayan mota a nannaɗe da bargo. Ƙaramin janareta. Kyamara wadda ba ta wuce goruba ba, mai igiya da ake sokawa a bayan kwamfuta. Farin zanen gado da nake ratayawa a bango. Sai disket, wato ƙananan faya-fayan ajiya, guda shida a akwatin roba, waɗanda sai an je Gusau ake samun irinsu. Tsohuwar kwamfutar ba ta da wuri, saboda haka in mun gama gari sai in kwashe hotunan a disket, in share ta. In mun dawo ofis in juye disket a rumbu.

Zurmi muka fara zuwa. Kwana huɗu ina zaunar da mata a gaban farin zane, ina cewa a ɗaga haɓa, a ba wata ta riƙe yaro, a daina kallon ƙasa. Muka dawo, na juye. Shirin ya rubuta mini cewa an gama, babu kuskure. Na ƙirga sunaye, suka cika. Ban buɗe hoto ko ɗaya ba, don kwalin kati bai iso ba, kuma me zan gani? Ai ni na ɗauka. Sai na share disket ɗin don tafiyar gaba. Haka na yi da na Ƙaura. Shinkafi ce ta ƙarshe.

Sai da damina ta kankama kwalin kati ya iso. Na kunna firinta, na fara fitarwa. Na farko lafiya, na biyu lafiya. Na uku sai ga farin zane, ga ɗan lanƙwasar saman kai, daga nan zuwa ƙasa babu komai, toka-toka kawai. Na wuce. Na bakwai haka. Kafin azahar na tara arba'in da ɗaya a gefe, kusan dukkansu masu baƙin hijabi. Masu ruwan ƙasa, masu shuɗi, masu kore, duk sun fito sumul.

Labari ya fita, kowa ya kawo nasa bayanin. Na sake kunna kwamfuta, na goge kyamara, na canza igiyar firinta, duk aikin banza, don ban san abin da nake nema ba. Hajiya Asabe ta ce a bar shi, bayan kaka in hanya ta bushe a koma a sake ɗaukar waɗanda suka lalace. Na ce to. Raina ya huta. Har na yi niyyar share disket ɗin Shinkafi in zuba wasiƙun ofis, sai dai ban samu zama ba.

Wata Litinin ana yayyafi, babur ya tsaya a ƙofar ofis. Wani mutum ya shigo, ƙafar wandonsa duk laka, da wata tsohuwa a bayansa tana kakkaɓe mayafi. Ya yi sallama ya ce, "Nan ne wurin masu hoto?"

Ban ko ɗaga kai sosai ba. Na ce, "Nan ne, amma ba mu ɗauka yanzu. Sai bayan kaka."

Ya ce, "Ba ɗauka munka zo ba. Amsa munka zo."

Sai na gane shi. Malam Ilu ne, wani manomi daga Badarawa ta ƙasar Shinkafi. Ranar da muka je garinsu shi ne ya tsaya a bakin aji ya hana matarsa shiga, sai da na rantse masa har sau biyu cewa babu namijin da zai ga hoton. Mun yi musayar magana da shi ranar, kuma ban rage masa komai ba. Sunan matar Hajo.

Na ce, "Malam, kati bai hito ba tukuna. Ka ce mata ta ƙara haƙuri, ba ita ɗai ba ce."

Tsohuwar ce ta amsa. Ta ce, "Ɗiyata, Hajo ta riga mu gidan gaskiya. Jiya anka yi arba'in. Wurin haihuwa ne. Ni na haife ta."

Na tashi tsaye. Na yi musu ta'aziyya, na jawo musu benci. Tsohuwar, Inna Kulu, ta ce jaririyar ta rayu, mace ce, tana hannun ƙanwar marigayiyar.

Malam Ilu yana kallon ƙasa ya ce, "Ba ta taɓa yin hoto ba sai wanga naku. Ni na hana. To yarinya za ta girma, za ta ce yaya uwata take. In ce mata mi?"

Na san Hajo tana cikin arba'in da ɗayan nan, don ni na ware su da hannuna. Da na iya cewa su dawo wani sati. Ban iya ba. Na ce, "Malam, gaskiya ita ce hoton ya lalace."

Ya gyaɗa kai kamar dama ya san haka za a ce. Inna Kulu kuwa ta ce in nuna mata lalataccen. Malam Ilu ya juya baya ya fuskanci ƙofa, don kada hoton matar wani ya faɗo masa a ido. Na buɗe. Farin zane, lanƙwasar saman kai, sai toka. Inna ta matso har numfashinta yana taɓa gilashi. Ta ɗora yatsa a kan tokar ta ce, "Nan ƙasa tana nan, ko ta tahi?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta ce, "To wa ya sani, in ba ke ba?"

Sati biyu ina goge kyamara da canza igiya, ban taɓa yi wa kaina wannan tambayar ba. Hoton a rufe yake, ko babu shi? In babu shi, a ina ya zube? Wannan ita ce tambayar farko a irin wannan aikin, kuma tsohuwar da ba ta taɓa ganin kwamfuta ba ce ta yi mini ita.

Malam Ilu ya ce ba zai iya zuwa sau biyu ba, ga noma, ga hanya ta lalace. Za su sauka wurin wani ɗan'uwansa a bayan kasuwar hatsi, gobe bayan azahar su kama hanya. Na ce su dawo kafin su tafi. Ban yi alkawari ba.

Na tafi shagon waya na kira Injiniya. Ya ce in ba direban mota disket ya kai masa Kaduna ya duba. Na ce ba zai yiwu ba, na yi rantsuwa. Ya ce, "Haka ne. To kada ki kalli hoton, ki ƙirga shi. Ki ƙirga a rumbu, ki ƙirga a disket." Layin ya yanke a nan, ban sake samunsa ba.

Abu na farko da na yi da na dawo, na ɗauko disket ɗin Shinkafi na tura ɗan makullin da ke kusurwa, wanda yake hana a rubuta a kai. Na tuna saura ƙiris in share su. Na kwafe su a wani wuri dabam a kwamfuta. Ku riƙe wannan: ba a gwaji a kan asali. Ko kana da tabbas, musamman ma in kana da tabbas.

Sannan na ƙirga. Hoto mai lafiya a rumbu, dubu goma sha tara da ɗari biyu cif. Na Hajo, dubu biyu da 'yan kai. Ba a rufe yake ba ke nan, a rumbu babu shi. Na buɗe na disket. Ya haura dubu ashirin da biyar. Ban gane dalilin da ya sa ya fi yawa ba, amma na san abin da ya fi yawa bai ɓace ba. Hajo ta baro Badarawa a cike. A ƙofar rumbu aka yanke ta.

Saura in san me ya yanke ta. Zancen baƙin hijabi ya kusa ruɗa ni, sai na tuna akwai guda ɗaya a cikin arba'in da ɗayan da ba ta bi sahu ba. Wata mata ce daga Banga ta ƙasar Ƙaura, farin hijabi ta sa, amma nata ma ya yanke, kuma ba a saman kai ba. Goshi ya fito, gira ta fito, sai ya tsaya daidai kan ido. Na zauna ina kallonsa. Na tuna matar. Kwalli ta rambaɗa ranar, har na ce mata ko biki za ta. Ashe ba hijabi ba ne. Baƙi ne, baƙi ƙirin, ko a ina ya faɗo.

Injiniya ya bar mini wani ɗan shiri da ke nuna lambobin da ke cikin fayil. Na buga na Hajo na disket a takarda, tun daga kaɗan kafin wurin da na rumbu ya tsaya. Na bi da biro. Ɗari biyu da wani abu, ɗari biyu da wani abu, farin zane ke nan. Sai lambobi suka fara sauka, sittin, talatin, goma sha biyu, sai ga ɗan rakiya da sifiri a bayansa. Daga nan sai suka yi ta zuwa, ɗan rakiya da sifiri, ɗan rakiya da sifiri, layi bayan layi. Su ne suka sa na disket ya fi yawa. Na duba na matar Banga a rumbu da wasu biyar na Shinkafi. Duk wanda na iya gwadawa da disket, a kan sifirin farko ya tsaya.

Na ɗauko takardun shirin da na taɓa karantawa ina tsaki. Ɓangaren da ke kwashewa a disket daidai yake, yana ba lambobi uku rakiya. Ɓangaren da ke juyewa a rumbu kuwa yana cire rakiyar, sannan ya mayar wa biyu kawai: alamar da ke rufe zance, da shi ɗan rakiyar kansa. Sifiri an bar shi shi kaɗai. A rubutu kuwa, sifiri ma'anarsa nan zance ya ƙare. Rumbu yana ganinsa sai ya rufe ƙofa, ya ce an gama, babu kuskure. A wajensa ba ƙarya ya yi ba.

Kada ku ce Injiniya sakaci ya yi. Waɗancan biyun in an manta da su rumbu ihu yake yi, ya ƙi karɓa, dole ka gyara. Sifiri shiru yake yankewa. Kuma da me mutumin ya gwada shirinsa? Da hotonsa, da na direba, da na mai gadi, duk cikin farar riga da hula mai haske. Hoton mace ko ɗaya bai gani ba, don an hana shi, kuma ya kiyaye. Wadda aka yarda ta gani ita ce ni, ni kuma sunaye na ƙirga.

Gyaran layi ɗaya ne. Na rubuta shi kafin la'asar, na ba sifiri ɗan rakiya, na juye na Hajo a wani rumbun gwaji. Na buɗe ina murna tun kafin ya fito. Ya fito har ƙasa, amma abin da na gani na gode Allah Inna Kulu ba ta nan. Daga saman kai komai ya zame gefe, ya tarwatse, kamar zanen da iska ta fizge daga igiya. Ga wani abu kamar ido can, ga wani kamar baki can, baƙin ya koma tsaki-tsaki. Na buga tebur. Mai gadi ya leƙo ya ce lafiya, na ce ya koma bakin aikinsa. Man janareta ya ƙare, aka tashi.

Da safe na zo da sanyin kai, na yi abin da ya kamata in yi jiya, na ƙirga. Ya wuce dubu goma sha tara da ɗari biyu, kuma rarar daidai take da yawan baƙaƙen ɗigon hoton. Kowane sifiri ya zama biyu ke nan. Na koma takarda. Garajena ne. Na sa layina a sama, alhali a ƙasa akwai layin Injiniya wanda duk ɗan rakiyar da ya gani sai ya ba shi nasa ɗan rakiyar. Ya tarar da nawa, ya raka shi. Sai rumbu ya karɓi sandar a matsayin ɗigo, ya karɓi abin da ke bayanta a matsayin wani ɗigon. Kowane ƙarin ɗigo yana tura sauran layin gaba, kamar mutum ya kutsa cikin sahu. Shi ya sa fuska ta tarwatse. Tsari ne: a fara raka 'yan rakiyar da ke cikin hoton, sannan a raka sauran. Na ɗauke layina na mayar da shi ƙasa. Iyakar abin da na yi ke nan.

Na juye. Ban buɗe ba sai da na ƙirga. Dubu goma sha tara da ɗari biyu. Sannan na buɗe.

Sun zo kafin azahar, da ƙullin kayansu a hannu. Malam Ilu ya yi sallama, ya sake juya baya ya fuskanci ƙofa ba tare da an ce masa komai ba. Na zaunar da Inna Kulu a kujerata. Hoton ya sauko daga sama, layi-layi, kamar yadda tsohuwar kwamfuta take yi. Farin zane. Saman kai. Ya wuce inda ya saba tsayawa. Goshi, ido, tsagar da ke kumatu, haɓa, har kafaɗa.

Inna ta ƙura wa hoton ido. Can ta ce, "Wa ya hana ta dariya?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

Gaskiya ce. Sau uku na ɗauke ta ranar, kowane karo sai ta fashe da dariya, wai kyamarar ta yi kama da idon kaza. Na daka mata tsawa na ce ta rufe baki, akwai mutane a layi. Ta rufe. Abin da ya fito shi ne mace ta danne leɓe da ƙarfi, kumatu sun cika, ido yana ƙyalli.

Inna ta ce, "Ai ba ta hanuwa. Dubi kumatun nan. Ilu, juyo ka ga matarka tana son ta yi."

Ya ce, "Ita ɗai ce a wurin?"

Na ce, "Ita ɗai ce, Malam."

Ya juyo. Ya tsaya daga nesa, hannu a baya, kamar wanda ya zo duba gonar wani. Ya ce, "Ita ce."

Na fitar da biyu a kan kwalin kati, na bar wurin suna da lamba babu komai, na yanke gefen da almakashi. Ɗaya na Inna, ɗaya nasa. Ya sa nasa a aljihun gaba, ya leƙa waje ya ga hadari, ya fito da shi ya ce ko akwai leda. Na ba shi ledar da kwalin kati ya zo a ciki. Ya naɗe sau uku. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "Wani namiji ya gani?"

Na ce, "Babu. Wanda ya koya min aikin ma ya ce in aika mai, na ƙi."

Ya ce, "Ashe kin riƙe. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Inna Kulu ta kwance bakin zane ta ajiye mini daddawa ƙulli biyu a kan firinta, na ce ta ɗauke, ta ce ba da ni take magana ba.

Bayan sun tafi na juye sauran na Shinkafi. Duk sun dawo, goma sha tara. Na Ƙaura takwas ne, matan suna kusa, cikin sati ɗaya na kira su na sake ɗauka. Saura goma sha huɗu na Zurmi. Waɗannan babu dabarar da za ta dawo da su, don disket ɗinsu ni na share da hannuna, na zuba wasu a kai har sau biyu. Na je na faɗa wa Hajiya Asabe haka, ban ɓoye nawa ba.

Ta ce, "To ai shi ke nan, kin yi ƙoƙari. Bayan kaka sai ku koma."

Na ce, "Hajiya, huɗu daga cikinsu da ciki na ɗauke su."

Ta dube ni. Ta ce hanyar Zurmi ta ci ruwa, direba ba zai yarda ya sa mota ba, kuma wa zai ɗauki janareta? Na ce ba sai da mota ba. Na riga na tambaya, akwai mai shagon ruwan sanyi a garin da zai ara mana wuta da rana. Kwamfutar za ta hau motar kasuwa a kan cinyata, in motar ta tsaya a rafi a ɗauki kwamfutar a ka. Yayata za ta raka ni.

Ta ce, "Rabi, ba ki da haƙuri."

Na ce ba ni da shi. Na ɗauko bargo na nannaɗe tsohuwar kwamfutar, na ninke farin zanen a kai, na rubuta sunaye goma sha huɗu a takarda, masu cikin a sama. Na tsayar da Laraba ranar tafiya, na kuma ƙudura ba zan bar mace ta tashi daga gaban kyamara ba sai na kwashe hotonta a disket, na ƙirga, na buɗe, ta ga fuskarta da idonta.